Tafin Hannun Babana a Bangon Coci

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin fetur ya shigo, kowa a Gombe yana ture laka yana ɗora bulo, ni na fi kowa zaƙewa a kan a rushe tsohon cocinmu na 'yan Lutheran a Herwagana. Lokacin ina sabon malamin makaranta, ga wando fantalo, ga Turanci cike da baki. Kunyar ginin nake ji.

Ana cikin haka wata tsohuwar Baturiya mai aikin jinya ta zo yi mana bankwana, aka sa ni tafinta. Ta nuna mana hoton cocin ƙauyensu, na dutse, bango kamar ganuwa. Ta ce an gina shi tun kafin a san wani abu wai shi Lutheran. Gobara ta taɓa cinye rufin, suka sake. Har yau a kwamin dutsen da aka yi wa kakanninta baftisma ake yi wa jarirai.

Na ce, "Wannan shi ne coci! Su wa suka gina shi?"

Ta ce, "Sunayensu sun ɓace. Naku fa?"

Gwaggona, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ta damƙi hannuna. "Zo nan, Malam mai Turanci."

Ta kai ni bayan ginin. Ashe yaɓen cike yake da sawun hannaye, ban taɓa lura ba.

"Wannan nawa ne, ina da tsohon ciki. Ruwan kwaɓin kuwa daga rijiyar maƙwabcinmu Bafulatani muka ɗiba, ya ce ɗakin ibada ne, mu ɗiba." Ta matsa gaba kaɗan. "Wannan mai gajeren ɗan yatsa na babanka ne."

Ban ma tuna fuskarsa ba. Na ɗora tafina a kan nasa.

A taron dattawa na miƙe na roƙi a bar ginin. Aka yi mini dariya, wani ya ce, "Kai da ka kawo mana direban katafila?" Amma sun yarda. Aka gina sabon a gefe, tsohon ya zama ajin yara. Na bi gida-gida na rubuta sunan duk wanda ya taka laka.

Har yau ina jinjina wa mutanen nan. Ba su iya sa hannu a takarda ba, amma damina nawa ta wuce, gininsu bai rushe ba. Yanzu na girme wa babana nesa ba kusa ba, kuma duk Lahadi sai na zagaya na gaishe shi.