Ƙeyar Malam Gershon

Sambo wanzami ya tsufa a Kafanchan da zabira a kafaɗa, bai taɓa tambayar mai kai inda yake ibada ba. Tun Malam Gershon, malamin firamare, yana saurayi Sambo ke yi masa aski, kuma shi ya fara taɓo wani kullutu kamar gyaɗa a ƙeyarsa. Suka yi alkawari idan ya nuna zai tsaga ya matse masa.

Sai rikicin addini na 1987 ya auku, Gershon ya ɗauke ƙafa.

Ranar da suka yi kiciɓis a tashar jirgi, kullutun ya kai ƙwan zabuwa. Sambo ya ce, "Malam, abin nan ya nuna. Zo gobe, kafin koko ya huce na gama."

Gershon ya ja kwalar rigarsa sama. "Baba Sambo, ɗana ya ce akwai na'ura mai maganaɗisu a Turai, tana ɗaukar hoton cikin kullutu ba wuƙa. Ya ce in jira a kawo ta."

"Turai? Mu da ko ruwan famfo jiransa muke yi?"

Sambo ya yi dariya. Gershon bai taya shi ba, idonsa na kan zabirar. Nan Sambo ya gane ba na'ura ake jira ba. Mutumin nan ba zai ƙara ba shi baya alhali shi Sambo yana riƙe da aska ba.

Har Sambo ya rasu Gershon na gaishe shi da ladabi, amma kullum fuska da fuska.