Maganar da Na Yi a Kwandiko

Na yi shekaru ina aiki a shagon wani Alhaji mai sayar da iri da taki da maganin feshi a Birnin Kudu. Aikina in ɗaura kaya a bayan babur ɗin shago in kai ƙauyukan Gwaram, in nuna wa manoma yadda ake surka magani da tazarar shuka. Na ɗan yi karatun aikin gona, shi ya sa ya ɗauke ni. Ba zan ce mugun mutum ne ba. Da matata ta haihu da ƙafarsa ya zo suna, kuma bai taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba.

A shekarar da nake ba da labari, ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ta yaye kwanon sitonmu, buhunan irin masara suka jiƙe. Muka shanya su a bayan shago, da suka bushe aka zuba a sababbin ledoji. Na ce masa, "Alhaji, anya irin nan zai tsira kuwa?" Ya ce ya sa an gwada, lafiya lau yake, in kai kawai. Na yarda da maganarsa, na kai.

Kwandiko garin mahaifiyata ne, can yayanta yake, Kawuna, dattijon da ake jin maganarsa. Saboda ni yawancin mutanen unguwarsu suka sayi irin. Da na koma bayan shuka, tun daga hanya na ga ɓarnar. Gonaki duk gurbi-gurbi, nan ta tsira, can ƙasa ce zalla. Ranar Juma'a ce. Da aka sauko daga masallaci mutane suka kewaye ni, wasu ma cewa suke in kawo musu ƙarin irin su cike gurbin tun damina ba ta yi nisa ba.

Kawu ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ɗan nan, faɗa mana tsakaninka da Allah. Ƙasarmu ce ta gaji, ko irin ne?"

Na dubi fuskokinsu. Akwai wanda ya goya ni ina ƙarami a cikinsu. Na ce, "Kawu, irin ne. Ruwa ya doke shi a sito. Kada kowa ya ƙara sayen sa, ku nemi wani ku shuka."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban zagi kowa ba, ban ma ambaci Alhaji ba. Ashe wani cikin jama'a ya ɗauka a waya. Kafin in iso Birnin Kudu maganar ta riga ni.

Washegari na tarar da Alhaji zaune a bakin shago, abin da ba ya yi da sassafe. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya miƙo hannu.

"Makullin babur."

Na ba shi. Na ce, "Alhaji, tambayata aka yi, kuma ban yi maka ƙarya ba."

"Na ce ka yi ƙarya? Sirrin shagona ka kai ƙofar masallaci. Da ka dawo ka same ni, da mun san yadda za mu yi."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da na haddace tun a makaranta. Na ce dokar ƙasa ta ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Sai ya yi murmushi, irin na babba ga yaro.

"Wa ya hana ka? Ka je ka yi ta faɗa. Amma ba a kan babur ɗina ba."

Na tafi wurin wani tsohon abokin karatuna da ya zama lauya. Na shiga ofishinsa da ƙwarin gwiwa, har da ambata masa sashe na talatin da tara na kundin tsarin mulki, don ya san ban zo da duhun kai ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaya ko an ba ni takardar ɗaukar aiki. Na ce da baki muka yi, kamar kowa a kasuwa.

Ya ce, "To ka ji. Sashen nan da gaske yana nan. Amma an kama ka? An kulle ka? Hukuma ta toshe maka baki? Babu. Mai shago ne ya ce ya daina aiki da kai."

"Ke nan 'yancin iyakarsa bakin ƙofar shago?"

"Ban ce babu hanya ba. Akwai kotun ma'aikata, sai dai ba a nan take ba, kuma shari'a tana cin shekaru. Shi ma yana iya juyowa ya ce ka ɓata masa suna. In ka nace, sai ka kawo manoman da za su tsaya a gaban alƙali su ce ga abin da ya sami gonakinsu. Kana da su?"

Na ce ina da gari guda.

Na hau motar haya zuwa Kwandiko. A can na ji cewa Alhaji ya aika musu da sabon iri mai kyau, an raba, an shuka, har ya fara fitowa. Na yi murna, wallahi na yi. Na sami Kawu a zaurensa na gaya masa abin da ya kawo ni. Yana jan carbi, bai dube ni ba, ya ce:

"Ɗan nan, mutumin ya gyara abin da ya ɓata. Kuma shi kaɗai ke kawo mana taki har gida. In muka tsaya a kotu a kansa, baɗi wa zai kawo?"

"Kawu, aikina fa ya tafi."

"Na sani. Allah zai ba ka wani. Amma kai ma da ka ja ni gefe ka faɗa mini ni kaɗai."

Na ce, "Ai a gaban jama'a ka tambaye ni, kuma da Allah ka haɗa ni."

Ya sa aka kawo mini fura, na kasa sha. Na zaga gida uku ko huɗu, kowa ya yi mini addu'a, kowa ya ce sai abin da Kawu ya ce. Da na dawo na faɗa wa matata, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ga laifina ba. Ta ce, "Ka yi daidai," ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ba mu sake tayar da zancen ba.

Masu shagunan iri na garinmu duk sun san ni, sun san na iya aikin. Duk wanda na je wurinsa sai ya tarbe ni da fara'a, ya ce ai ya ga abin da na yi, Allah ya saka, amma yanzu babu gurbi. Daga baya na karɓi babur ɗin wani maƙwabcina na fara acaɓa, ina tsayawa wajen tasha. Da damina nakan ɗauki manoman Gwaram da ledar iri a hannu. Wani lokaci su tambaye ni ko mai kyau suka saya, in ce ban sani ba.

Bara wani Alhajin daban ya buɗe sabon shagon kayan noma a bakin kasuwa, aka ce yana neman wanda ya san ƙauyuka. Na sa rigata mai kyau na je. Ya yi mini tambayoyi kan taki da feshi, na amsa, ya gyaɗa kai. Can ya matso ya sassauta murya.

"Malam, an ce kana da magana. Yanzu in ka ga abu a sitona, manomi ya tambaye ka, me za ka ce?"

Na tuna 'ya'yana. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba zan ce komai ba, Alhaji."

Ya ce madalla, zai neme ni. Na fito ina jin kunyar kaina har cikin ƙashi. Bai neme ni ba.