Sikelin Yaya Sallau

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Sallau a nan Suleja, amma har yau in na ratsa kasuwar Lambata na ga ana ɗinke bakin buhun masara, shi nake tunawa.

Shi manomi ne, ni kuwa ma'aikaci mai sammakon Abuja. Abin da ya hana shi sakat shi ne buhun 'yan sari. Sukan zo da nasu, wanda aka ƙara wa ƙyalle a baki, su danna hatsi da taɓarya har ya ƙi ɗaukuwa, sannan su biya kuɗin buhu ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji shi. Sai ya sayar da tumakinsa ya sayi sikeli, ya riƙa rataye shi a reshen ɗorawa ranar kasuwa, yana cewa a auna kowane buhu. Har 'yan dako ya jawo jikinsa, don su buhun ke karya wa baya, ladansu kuma bai ƙaru ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce manoma su yi gayya su gina babban rumbu a gonarmu ta gado da ke hanyar Garam, kowa ya ajiye hatsinsa har bazara, kada a kwashe shi da kaka a wulaƙance. An kai bango kafaɗa sai masu gina gidajen haya suka zo neman fili. Yaya ya kore su. Suka biyo ta wajena, da ɗan gari akan ci gari. Ni na tara sauran magada muka rinjaye shi, aka sayar.

Yana tsaye katafila ta ture bangon. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni na huta. Cewa kawai ya yi, "Idi, akushin 'ya'yanmu ka sayar."

Daga nan tafiyar ta watse. Wa zai bi mutumin da ƙaninsa ma bai bi shi ba? 'Yan sari suka daina sayen hatsin duk wanda ya nemi awo, manoma suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Buhun yana nan, ya ma ƙara girma. Gonakin kusa sun zama gidaje, na nesa kuma tsoro ya hana zuwa. 'Ya'yan waɗanda suka yi gayyar nan yanzu leburori ne. Cikinsu har da babban ɗan Yaya, Habibu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, da ke ɗaukar kwanon siminti a wajen Zuma. In na gan shi kunya ke kama ni.

Me ya rage na Yaya? Tsofaffin 'yan dako suna yi masa addu'a, sai kuma sikelin, da ya yi tsatsa a zaurena. Watan jiya Habibu ya zo ya roƙe ni shi. Na yi murna, na ɗauka kasuwa zai kai shi ya ɗora daga inda ubansa ya tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, babu ko mudu ɗaya a gidana. 'Yan gwangwan zan kai wa."

Ba ni da bakin hana shi. Na raka shi wajen masu sayen tsohon ƙarfen, ina kallo suka ɗora sikelin Yaya a kan nasu.