Ranar da Ta Hana Ni Komawa Ƙaura

Jiya na ga yara suna zane da yatsa a kan rairayi, sai tsohuwar nan mai duba ta unguwarmu a Zurmi ta faɗo mini a rai. Kullum tana gindin tsamiya da faifan rairayi a gabanta, zanenta yana ƙamshin hayaƙi da man shanu.

Wata safiya zan koma gidan mijina a Ƙaura, na tsaya gaishe ta. Ta shafe rairayin da tafin hannu, ta daɗe tana dubana.

"Ɗiyata, aje kayan ga. Koma ki dama ma babanki hura, gobe ki tahi."

"Inna, lahiya lau na baro shi, yana gyaran garma."

"Na sani. Koma dai."

Na koma ina ƙunƙuni. Baba ya sha furar, muka yi ta hira da dariya har azahar. Da la'asar ya kishingiɗa, ya cika, hannunsa cikin nawa.

Har ta rasu ban iya yi mata godiya ba, don kuka ne ke riga ni. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta.