Alawayyon da Ba a Binne Baba da Shi Ba

Shekara talatin ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habu mai garmaho, amma har yau in na ga an shanya farin yadi sai in tsaya ina kallo.

A shekarun 1950 sana'arsa ba da hayar garmaho mai juya faifan waƙa da fitilar gas ce. Yakan ɗaure su a keke ya kai gidajen biki, yau Gagarawa, jibi Maigatari. Ranar da motar majigi ta zo Gumel aka kafa ƙyalle, kowa na kallon gaba, shi kuwa Baba ya zagaya baya ya tsaya. Da ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba.

"Duk baƙin fuska ne," ya ce wa Inna. "Wata rana sai na ga mutanen garin nan a jikin ƙyalle."

Washegari ya sayo farin alawayyo ya sa a adaka. Inna ta fashe da kuka, don a wurinmu magidanci ba ya adana alawayyo sai in likkafani yake tanadi. Maƙwabta suka yi ta zuwa duba shi da jiki, yana ta dariya.

Ya ƙara lasifika, ya ƙara janareto, ya kama shago, amma kyamara ba ta taɓa shiga hannunsa ba. Ranar da ya rasu baffana ya ce a ɗauko alawayyon, sai na zauna a kan adakar.

"Baffa, ka yi haƙuri, wannan ba na kabari ba ne."

"To na mene ne, 'yar nan?"

Na ƙi tashi daga kan adakar. Aka aika kasuwa aka yanko wani.

Yau ɗana Sadisu ya mayar da shagon ɗakin shirya fim, ana zuwa hayar kyamara da fitilu tun daga Sule Tankarkar. Ko me Baba zai ce da ya ga ana kallo a waya? Ina jin juya ta zai yi ya duba bayanta. Ina kewarsa ƙwarai.

Bara Sadisu ya gama fim ɗinsa na farko. Muka kafa alawayyon a ƙofar gida bayan magariba, ya yi jaja-jaja, asu ya ci gefensa. Sai ga fuskokin 'yan unguwarmu a jiki, har da mai ƙosai. Kowa na kallon gaba. Ni kuwa na dogara sandata na zagaya baya, inda na san zai tsaya. Daga can ma ana ganinsu sarai.