Tumbin 'Yata da Furar Gidan Mijinta

Farkon damina ne, ana ta shuka, ƙasa ta jiƙe har ƙamshinta na shigowa ɗaki. Ruwa ya zo da wuri a shekarar, bai kuma yanke ba, duk wanda ka haɗu da shi a Birnin Kudu fara'a yake yi. Ni kam a tsaye na ƙare shekarar, raina a dagule. Har yau in na tuna ta sai haushi ya taso mini, kuma ni ba mai fushi ba ce. 'Ya'yana ma sun shaida, ban iya ɗaga murya ba.

'Yata ta fari tana aure a Sara, can ƙasar Gwaram, 'ya'yanta huɗu. Tun haihuwarta ta biyu jiki ya fara hawa mata, bai ƙara sauka ba. Da fari yabo ake yi, ana cewa hutu ya karɓe ta. Daga baya gwiwoyi suka gaza, ta koma sallah a kan kujera. Ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi. In ta kwanta barci numfashinta kan tsaya, sai ta zabura. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, ba ni da abin da zan ce a kansa ta wajen ɗawainiya. Shi ya kai ta wani asibitin kuɗi a Abuja, likitoci suka ce za a rage mata tumbi. Ni na tafi jinya.

Ranar da za a sallame mu likita ya yi ta bayani da Turanci, yana maimaita wata kalma, kabohaidiret. Da ya fita sai wata nas Bahausa ta jawo kujera ta zauna a gabana.

Ta ce, "Inna, aikin nan rabi aka yi. Ragowar rabin a bakinta yake. Tumbinta yanzu bai fi ayaba ɗaya ba."

Na ce, "To shi wannan abu da yake ta faɗa, mene ne?"

Ta ce gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, burodi, taliya, sukari, zuma.

Na yi dariya na ce, "'Yar nan, ai kin lissafa duk abin da Allah ya ciyar da mu da shi. Me ya rage, iska?"

Ita ma ta dara. Ta ce ba haramta mata aka yi ba. In ciki ya warke, ta fara da mai gina jiki, ƙwai ko kifi ko nama ko wake, sai ganye, in da sauran wuri ta ɗora loma biyu ta tuwo. Ta riƙe hannuna ta ce, "Abin da nake tsoro na sha ne mai zaƙi. Tuwo zai tsaya ya ce mata ya isa. Amma fura da sukari, da kunu, da lemon kwalba, wucewa suke ba sallama. Za ta sha da yawa ba ta ƙoshi ba, su kayar da ita nan take, ƙiba da suga kuma su dawo."

Na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na aurar da 'yar tawa, rubutuna manya-manya ne kuma a karkace, amma yana karantuwa. Na roƙi takarda da biro, nas ɗin ta faɗa ina rubutawa da Hausa, har ta gama.

Da muka dawo, wata biyu 'yar tawa ta yi a ɗakina. Makonnin farko romo ne da madara, cokali-cokali. Sannan alale mai laushi, awara, dafaffen ƙwai, kifi, kwaɗon zogale. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da lemo da burodi, ina godiya, in sun tafi in raba wa maƙwabta. Wasu har suna tambaya ko ina dama mata kunun kanwa, wai ai mai aiki kamar mai jego ce. In ce musu to, in sha Allahu. Ba na damawa.

Jiki ya fara sauka. Zanin da da ƙyar yake haɗuwa ya koma tana ninka shi. Likita ya rage mata maganin suga ta waya. Wata rana bayan azahar ta kira ni daga ɗaki, ta ce, "Inna, goshina ya taɓa ƙasa." Shekara nawa rabonta da sujada irin ta kowa. Da yake 'yar fari ce, kuma mu gidanmu akwai kunyar Fulani, sai na ce, "To, madalla," na zagaya bayan rumbu na yi kukana.

Wannan kunyar ce ta cuce mu. Da za ta koma Sara na ba ta takardar, na ce ta kiyaye. Ya kamata in raka ta, in zauna da uwar mijinta, wadda gida ɗaya suke, in karanta mata da bakina. Ban je ba. Na ce ina ni ina zuwa gidan suruki in tsara musu tukunya, a kan 'yar fari kuma. Na zauna a gida ina ganin na yi mutunci.

Damina ta wuce, kaka ta shigo, sabon gero ya cika gari. In na kira ta a waya sai ta ce, "Lafiya lau, Inna." Ni kuma ba na tonawa. Sai matar ƙanin mijinta ta haihu, muka haɗa mota da mata uku 'yan unguwarmu muka tafi suna.

Ina shiga gidan na hango 'yata. Fuskar ta sake cika. Aka kira azahar, na ga ta jawo kujera ta zauna za ta yi sallah.

Uwar mijin, Hajiya muke ce mata, ta tare ni da murna a tsakar gida, mata cike. Ta ce, "Lale da 'yan birni! Kin ga 'yarki kuwa? Kun maido mana ita kamar karan dawa, ga shi mun mai da ita mutum."

Wata ta ce, "Ai da ta dawo har tsoro muka ji. Mutane na cewa ko irin ciwon nan ne da ba a faɗa."

Wata ta karɓe, "Wasu kuwa cewa suke mijin ya ƙare a asibiti, ba ya iya ciyar da ita."

Hajiya ta ce, "A gidan mai sayar da hatsi! Na ce ba a rayuwata ba. Tuwo in ta ci amai take yi, sai na gano fura tana shiga. Kunun gyaɗa da safe, fura da rana, fura da yamma. Ni da kaina nake dama mata, ban yarda da hannun kowa ba."

Aka yi ta shi mata albarka. Na yi murmushi, haƙorana a dantse.

Bayan la'asar ina zaune a ɗakin yarinyar, Hajiya ta shigo da kwanon fura da nono, fari sol, ta sha sukari. Ta miƙa mata, ta tsaya a bakin ƙofa tana hira da wata, ido ɗaya a kan kwanon. Yarinyar ba ta dube ni ba. Ta kafa kai, tana sha tana hutawa, har ta shanye. Hajiya ta karɓi kwanonta.

Ba a jima ba zufa ta karyo mata. Hannunta ya kama rawa. Ta zame daga bakin gado ta kwanta a ƙasa, ta riƙe ciki. Na ɗora hannuna a ƙirjinta, zuciyar na bugu kamar ana daka. Ta ce ɗakin yana juya mata. Da ƙyar na kama ta na kai ta bayan gida. Hajiya ta leƙo ta ce, "Kar ki damu, kullum haka take yi. Furar ce ke ratsa jiki. Anjima za ta miƙe."

Kullum! Wata nawa kenan. Ni ina Birnin Kudu ina jin "lafiya lau".

Da ta dawo hayyacinta na tura ƙofa na ce, "Ina takardar da na ba ki?"

Ta ɗaga katifa ta ciro ta, a ninke, tsaf, ko datti babu. Tare da ita akwai ƙwayoyin maganin suga, irin waɗanda aka rage mata. Ta ce ta auna a kemis, sugan ya hau, sai ta koma sha a ɓoye.

Na ce, "Kin san abin da aka faɗa mana. Kina wurin. Cikinki aka yanka, ba na wani ba."

Ta ce, "Na sani, Inna."

"To me ya sa?"

"Na faɗa wa maigidan. Ya ce in yi haƙuri, Hajiya ce, don so take yi. Shi kullum yana kasuwanni." Ta share ido. "Inna, yaya zan yi in mayar mata da kwano cike? Ke kika koya mini ba a mayar wa babba kwano."

Gaskiya ne, ni na koya mata. Tun tana ƙarama nake faɗa mata abin da babba ya ba ki ki karɓa da hannu biyu, ki cinye, ki gode. Ta riƙe sosai. Ta riƙe har tana neman kashe kanta da shi. Na ji haushin Hajiya, na ji haushin mijin da ya iya kai mace har Abuja amma ya kasa buɗe baki a gaban uwarsa, na ji haushin matan nan da ba su da aiki sai auna wuyan matan mutane. Amma wanda ya fi ci na a rai nawa ne.

Kafin magariba na sami Hajiya a ƙofar ɗakinta, sauran 'yan suna na kewaye da ita. Na durƙusa, na yi magana a hankali kamar yadda na saba. Na ce likita ya hana yarinyar nan fura da kunu mai zaƙi. Na ce ramar da aka gani ita ce maganin, don ita aka yi aikin.

Hajiya ta ce, "Rama ce magani? Yau na ji sabo. Gero ya taɓa kashe wani? Da shi aka raine ki, da shi aka raine ni."

Na ce, "Mu tumbinmu na nan yadda Allah ya yi shi, Hajiya. Nata an yanke."

"To ai shi ya sa take buƙatar abin da zai riƙe ta! Ke ba ki ga ƙashin wuyanta ba lokacin da ta dawo? Ni in na gani abinci ba ya shigar mini. 'Yata ce ni ma."

Na san da gaske take. Wannan ya ƙara ƙona ni, don da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita.

Na ce, "Ta koma sallah a zaune. Sugan ya dawo. Kina ganin yadda take faɗuwa."

Fuskarta ta canja, don a gaban mutane ne. Ta ce, "Likitan Abuja bai san gidan nan ba. In abincinmu ne bai yi muku ba, sai ki zo ki riƙa dafa mata da kanki."

Mata suka kwashe da dariya. Kowa ya san gatse ne. Wace uwa ce za ta kwana gidan surukinta, balle ta hura wuta a murhunsu?

Daidai nan ɗaya daga cikin abokan tafiyata ta leƙo ta ce direba na jira, kar dare ya yi mana a hanya. Na ce su tafi, ina nan. Ta ce, "Kina ina?" Na ce nan. Ta matso ta raɗa mini, "Ke kuwa, 'yar fari ce fa. Me za a ce?" Na ce a faɗi abin da za a faɗa, ta gaya wa Malam maigidana sai ya gan ni. Dariyar tsakar gidan ta tsaya.

Washegari bayan asuba ƙanwar mijin ta yi sallama ta ajiye kwanon kunun gyaɗa, yana tururi, ta ce in ji Hajiya. Yarinyar ta miƙa hannu, na riga ta. Na ɗauki kwanon da hannu biyu, na ratsa tsakar gida, masu shara suka tsaya suna kallona. Ban taɓa yin irin wannan ba tun da aka haife ni. Na durƙusa a ƙofar Hajiya, na gaishe ta da kwana, na ajiye kwanon a gabanta cike yadda ya zo.

Na ce, "An gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ba za ta sha ba. Jiya kin ce in dafa mata, na karɓa."

Ban jira amsarta ba. Na wuce madafa, na tambayi matar da na tarar a ciki inda suke ajiye ƙaramar tukunya. Na sa aka sayo mini ƙwai biyu a bakin titi, na jiƙa wake na alalen rana, na tsuguna na hura wuta.