Fegin da Aka Hana Taki

Gonata da ta Illo iyaka ɗaya ce ta raba su, a bakin hanyar da ta fito daga Safo ta nufi Madarumfa. Shekara talatin ke nan muna gaisawa ta kan layin gamba, don haka in na ce na san halin mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba.

Illo ba ya iya ganin abu da yunwa ya wuce. Jakinsa ya fi na kowa ƙiba, har muna tsokanarsa cewa jakin ne mai gidan, shi Illo bara ne. Abin yana da asali. Yunwar tamanin da huɗu ta same shi yana saurayi, ya goya ƙanwarsa Ɗelu ya kama hanyar Ɗan Issa neman abin da za ta sa a baki, yarinyar ba ta kai ba. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin, ni kuma ban sake tambaya ba.

Shi bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma 'yarsa Sa'adatu ta yi karatu har jami'a a Maraɗi, inda take nazarin ƙasa da ruwa da tsirrai. A shekararta ta ƙarshe sai ta zo da wani aiki. Kainuwa ta cinye gefen tabkin Madarumfa, masunta na ta kuka da ita. Sa'adatu ta sa aka kwaso ta a amalanke, ta zuba a rami da toka ta rufe, har ta ruɓe ta zama taki. Saura ta nuna wa malamanta cewa takin yana ƙara hatsi. In ta nuna, ta rubuta kundinta ta karɓi takardar kammalawa. In ba ta nuna ba, shekarar ta tafi a banza.

Da ruwan shuka ya sauka, ta kafa turaku da igiya ta yanka fegi shida a gonar ubanta. Uku ta zuba musu takin kainuwa. Uku ta bar su ƙasa tsura, ta ce sunansu shaida, domin da su za a gwada a ga bambanci.

"Baba, waɗanga ukun, ko kashin kaza kar shi taɓa su," in ji ta.

Illo ya ce, "To mi sunka yi miki?"

"Ba su yi komi ba. Haka aikin yake."

Ya ce ya ji. Ita kuma ta koma Maraɗi, tana zuwa duk bayan mako biyu da ma'auni da kayenta, wato littafinta na rubutu.

Kafin noman farko bambanci ya fito, ko makaho ya shafa ya ji. Fegin taki ya yi shar, shaida kuwa ta tsaya rawaya, kara siriri kamar tsintsiya. Sai na lura Illo ya rage raha. Yakan tsaya a bakin igiyar ya daɗe yana kallo, hauya a kafaɗa.

Wata safiya na sammako, sai na hango shi durƙushe cikin shaida da ƙwarya a hannu. Yana tona gindin kowane hatsi, ya zuba ɗan kashin awaki, ya mayar da ƙasa ya shafe da tafin hannu. Muka haɗa ido. Ya ce, "Kaɗan ne, don dai su tashi." Ni kuma na yi dariya na wuce. Wannan dariyar har yau tana ba ni haushi, domin da na buɗe baki a ranar, da abin bai kai inda ya kai ba. Ni da na yi aji shida a lakwal ban fi shi gane abin da ake nufi da gwaji ba.

Shaida ta murmure. Sa'adatu ta riƙa zuwa tana aunawa tana ɓata fuska, ubanta kuma yana sunkuyar da kai yana gyaran ƙotar hauyar da ba abin da ya same ta.

Ranar auna amfani malaminta, Dokta Hamisu, ya zo da kansa da sikeli. Aka sussuke hatsin kowane fegi daban, aka ɗora. Na taki da na shaida kusan kunnen doki. Malamin ya duba lambobin ya sake dubawa, sannan ya ce da ita a hankali, takin nan da alama ba ya aiki, gara ta bar maganar kainuwa ta nemi wani abin nazari. Sa'adatu ba ta yi kuka ba. Ta rufe kayenta ta ce, "To, Malam." Wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙin gani.

Illo ya taso daga gindin gawo inda yake zaune, ya tsallaka igiya, ya durƙusa ya tona gindin kara ɗaya. Ya miƙo wa malamin tafin hannunsa, ga ragowar kashin awaki a ciki.

"Malam, takin ɗiyata ba shi da laihi. Ni na ba su. Na gan su suna ramewa, zuciyata ta kasa."

Dattijo ne mai furfura, a gaban 'yarsa da baƙo da mu maƙwabta. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Dokta Hamisu ya ce ba a gyara gwajin da aka taɓa, sai dai a sake shi daga farko da damina mai zuwa. Shekarar Sa'adatu ta tafi ke nan, ƙawayenta suka gama suka bar ta. Wata biyu ba ta zo Safo ba.

Da ta zo, ita ta fara magana. Ta ce za ta kai gwajin gonar wani. Illo ya ce a'a, inda aka ɓata nan za a gyara.

Damina ta biyu na ga abin da ban zaci zan gani ba. Shaida ta sake yin rawaya, Illo bai taɓa ta ba. Sai dai ya sauya hanyar shiga gona, yana zagayowa ta cikin tawa don kada ya bi ta gefenta. In ya zauna shan fura, baya yake ba ta. Ya rame a daminar nan, jakinsa ma ya shaida.

Da kaka aka ɗora a sikeli, fegin taki ya kusa ninka shaida. Sa'adatu ta rubuta kundinta, ta kare shi a gaban malamai, ta ci. Masunta ma yanzu wasunsu na tara kainuwa a bakin tabki maimakon su tsine mata.

Ranar awon nan, bayan an gama, malamin ya ce a haɗe hatsin duka a kai rumbu. Illo ya hana a taɓa na shaida. Ya juye shi a wata 'yar jaka daban, tsaba ƙanana da ba su cika tiya huɗu ba, ya rataye a ɗakinsa.

Bana da ruwa ya sauka na same shi a kwarin gonarsa, wurin da ya fi ko'ina taki, yana shuka daga 'yar jakar nan. Na ce, "Haba Illo, ga iri mai kyau a rumbu, ka ɗauko wanga ramamme?"

Bai ɗago ba. Ya jefa tsaba a rami ya rufe da ƙafa, ya ce, "Sun yi wa ɗiyata yunwa damina guda. Bana su ci su ƙoshi."